Wasiƙa Zuwa Ga Gidan Silima

Lajawa,
Ƙaramar Hukumar Wudil,
Jihar Kano.

Zuwa ga Dattijo, Gidan Silima,
Birnin Kano.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanenka, daga mai yankan tikiti da mai tsaron ƙofa har mai kula da inji. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Mu nan Lajawa lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Na san shekaru sun ja, ka doshi casa'in a Kano, kuma an shaida mini kunnenka ya yi nauyi. Don haka zan yi magana dalla-dalla, in kuma ka ji na maimaita wani abu kada ka ɗauke shi rashin ladabi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake yawan ji a rediyo da bakin 'yan fim, ana yin ta da sunanka. Ana cewa mutane sun guje ka, sun koma kallo a gida da kan waya, wai Bahaushe dama can ba shi da al'adar zuwa silima. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ni magidanci ne mai iyali, ina son fim tun ina yaro, kuma ina so ka ji yadda lamarin yake daga ɓangarenmu.

Da farko dai, ranka ya daɗe, ba a guje wa wanda bai taɓa zuwa ba. Tun da aka buɗe Rex a 1937 a bayan ganuwa, zamanin da 'yan kasuwar Labanon ke riƙe da harkarka, ka zaɓi wurin zamanka, kuma ba wajenmu ba ne. Ka zauna Sabon Gari, ka zauna Fagge, ka leƙa Ƙofar Wambai. Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba da Wapa duk 'ya'yanka ne, kuma duk a cikin birni da kewayensa ka ajiye su. Titin da ya fito daga Kano ya nufi Maiduguri ta Wudil ya bi, ya haye gadar kogi. Motar gyaɗa ta bi shi a zamaninta, motocin shanu suna binsa duk Juma'a zuwa kara, jami'ar kimiyya da fasaha ta biyo shi ta zauna a 2001, makarantar horar da jami'an 'yan sanda ma ta zo ta kafa gida. Kai kuwa, yau ɗin nan da nake rubutu, duk mai son ganinka daga ƙasarmu sai ya ɗaura niyyar shiga birni. Lajawa ko ƙeyarka ba ta taɓa gani ba.

Ɗan'uwanka majigi ya fi ka zumunci nesa ba kusa ba. Manyanmu har gobe suna ba da labarinsa. Motar gwamnati za ta iso da la'asar, a yi shela a gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko ta dagaci, duhu na yi inji ya tashi. Mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani da Hausa: Baban Larai da noman zamani, tsabtar rijiya, allurar rigakafi, Sardauna yana sauka daga jirgi. Na san saƙon gwamnati majigi ke ɗauke da shi, na Turawa da farko, daga baya na Gwamnatin Jihar Arewa, kuma ba don Allah kaɗai aka riƙa ƙona man motar ba. Duk da haka kyauta yake, a fili yake, a gaban dagaci da liman da iyayen yara. Yara a gaba a ƙasa, manya a baya, mata a nasu gefen. Ba a taɓa kiran mutum ɗan iska don ya je majigi ba. Mutanen da suka riƙa fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu don ganin yadda ake zuba taki a gona, su ne yau ake cewa ba su da al'adar taruwa su yi kallo?

Sai maganar sunanka. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a El Duniya, daga ɗakin inji, inda fim ɗin wancan zamani yake kama wuta nan take, ta ci rayuka 331. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutane da yawa a Kano sun ɗauki wannan a matsayin ishara. Shekara guda bayan haka aka buɗe Palace a Jakara, cikin ganuwa, kusa da Kasuwar Kurmi, malamai da jama'ar gari suka yi caa, har sai da 'yan sanda suka riƙa gadin masu shiga. Daga baya ginin ya koma asibiti. Tun a wannan lokaci aka shafa maka baƙin fenti, kuma a shekarun da suka biyo baya ban ga ranar da ka tashi tsaye ka wanke kanka ba. Ka yi kunnen uwar shegu, ka ci gaba da karɓar kuɗin tikiti.

Kada ka ce maƙiyi ne ya rubuto maka. Na zauna a kan bencinka lokacin ina saurayi ina karatu a birni, kuma abin da na gani a can bai taɓa barina ba. Zaure ba rufi, taurari a sama, allo ya fi bangon gida tsawo, ɗaruruwan mutane sun zuba ido wuri ɗaya. Dharmendra na fitowa wuri ya ɗauki ihu, ga Sarkin Ƙarfi nan. Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin muke ce masa. Idan mugu ya lallaɓo ta bayan jarumi, sai ka ji zaure duka yana yi wa jarumin tsawa ya waiwayo, kowa da gaske yake yi. Idan fim ya tsinke a tsakiya, a juya ana yi wa mai inji fito har ya ɗinke. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, amma ba wanda ya fita daga Sholay ko Mother India bai gane komai ba, domin wanda ya taɓa gani yana gefenka yana raɗa maka, wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi ko da bai san shi ba. Dariyar mutum ɗaya daban, dariyar da ta tashi daga ɗaruruwan ƙirji lokaci guda daban. Takan shiga jikinka ta girgiza ka ko ba ka yi niyya ba. Sannan a fito ana tafe ana musu a kan labarin har bakin masauki, gobe a ɗora a teburin mai shayi. Wannan abin ne ya sa nake rubuto maka. Da ban san daɗinsa ba da ban ɓata tawadata ba.

To amma a wannan zauren dai hayaƙin wiwi yake tashi. A ƙofar nan 'yan daba ke tsayawa, a layin tikitin nan ake yanke wa mutum aljihu. Ba ka farawa sai dare ya yi, tunda ba ka da rufi, ba ka tashi sai dare ya raba. Duk macen da aka gani a ƙofarka ta rasa sunanta a unguwa. Ranka ya daɗe, ka ji wannan da kyau, zan sake faɗa: rabin al'umma, iyayenmu mata da matanmu da 'yan'uwanmu mata, ba su da wurin zama a cikinka. Yara ba su da shi. Dattijo mai mutunci ba shi da shi. Ka mai da kanka gidan samari, ka ga samarin suna cika maka benci, sai ka ɗauka gari duka naka ne.

Kaset ne ya gane abin da ka ƙi ganewa. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim na Hausa a kaset ɗin bidiyo, wanda za a saya a kai gida. Kafin shekara goma Sangaya ya fito, Wasila ya biyo baya, Ƙofar Wambai da Bata suka cika da dillalan kaset, mujallu irin su Fim da Tauraruwa suka samu masu karatu. Su wa suka riƙe wannan kasuwa? Matan aure ne a cikin gidajensu, waɗanda ka rufe wa ƙofa. Su suke aika yaro da kuɗin dashi ko ribar ƙuli-ƙuli ya karɓo hayar kaset. Labaran ma nasu ne: kishiya, uwar miji, auren dole, ɗan riƙo. Masana'antar da ake kira Kannywood a tsakar gida ta girma, ba a zaurenka ba. Ka samu fim irin Shehu Umar na Adamu Halilu tun 1976, ka ga yadda Bahaushe ke son ganin kansa a allo, amma ka ci gaba da ciyar da mu Indiya da Chanis da Amurka kamar ba mu da bakin magana. Ko da ka fara haska na Hausa daga baya, ga samarin nan dai ka haska wa, matan da suka san kowane jarumi da sunansa suna gida.

Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, ƙa'idojin da aka shimfiɗa sun hana cakuɗa maza da mata a zauren kallo. Mutanenka sun yi ta kuka cewa an kashe su. Ni ban ga haka ba. An hana cakuɗawa, ba a hana raba wuri ba. Masallacin Juma'a yana raba wuri, wurin wa'azi yana rabawa, gidan biki yana rabawa, kuma duk suna cika. Katanga ɗaya da ƙofa ta biyu da rufin da zai bari a yi kallo da rana, shi ke nan abin da ake nema a wurinka. Ka gwammace ka bar zaurukanka su mutu ɗaya bayan ɗaya. Yau in an ce Wapa, 'yan canji ake nufi. In an nufi wajen Marhaba, kasuwar waya ta Farm Centre za a je.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne maganar Ibro. Rabilu Musa ɗan Danlasan ne, nan maƙwabtanmu a Warawa, kuma Wudil gidansa ne. Har ya rasu a watan Disambar 2014 ba a yi mai ba Hausawa dariya kamarsa ba, daga Kano har Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi. Allah ya gafarta masa. Shi irin wasansa na taro ne. Ya murguɗa baki, ya gyara jar hularsa, ya saki magana ɗaya, a kwashe da dariya, dariyar wani ta ƙara tunzura ta wani. Mutanen ƙasarsa, waɗanda suka san irin dattijon ƙauyen da yake kwaikwayo saboda kawunsu ne, a ƙaramar talabijin suka gan shi, mutum biyar mutum goma. Yaranmu na yanzu kuwa guntu-guntunsa suke gani a waya, minti ɗaya minti biyu, kowa shi kaɗai. Wannan asara ce, kuma da hannunka a ciki.

Na san za ka ce ai ka dawo. Haka ne. Bayan an buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014, kamfanin Filmhouse ya buɗe silima a ciki, da rufi da sanyi da kujeru masu laushi. Ma'aurata sun shiga, 'yan mata sun shiga da 'yan'uwansu, fina-finan Hausa irin su Mansoor na Ali Nuhu sun ja jama'a a lokutan Sallah. Na yi murna da jin haka, domin ya nuna cewa in ka gyara halinka mata za su zo. Amma zauna mu yi lissafi, ranka ya daɗe, a hankali, don ka ji. Magidanci a Lajawa yana son ya kai matarsa da 'ya'yansa kallo. Zai biya kuɗin mota zuwa Wudil, kowa da kujerarsa. Daga Wudil zuwa Kano kilomita 40 ne da 'yan kai, a sake biya. A shiga ta Mariri, a nemi A Daidaita Sahu. Ga tikiti, kai-da-kai. Ga gugguru da lemo, domin ba uban da zai bar ɗansa yana kallon bakin 'ya'yan wasu. Sannan a maimaita kuɗin mota a dawowa, a kan titin da ba kowa ke son bin sa da dare da iyali ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan lissafi ya fi ƙarfin malamin makaranta, balle manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara. Abin da zai fita a yini ɗaya ya isa cefanen kwanaki masu yawa. Da can ka ware samari ka bar mata. Da ka dawo sai ka ware masu hali ka bar talaka. Mu mutanen karkara kuwa, duka biyun ba mu shiga lissafinka ba.

Yanzu bari in gaya maka yadda kallon gida yake, tunda shi ake zargi, kuma ba zan yi masa ƙazafi ba. Yana da alherinsa. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, mace tana ɗakinta take bin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in ba tare da ta nemi izinin fita ko kuɗin mota ba. A waya kuwa, in an kira salla, a dakatar, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe ƙofofinka, Labarina da Izzar So suka cika gari ta YouTube, suka ɗebe wa mutane kewa a lokacin da kowa ke tsare. A zamanin kaset da faifai ma, gidan da ke da talabijin da janareta shi ne silimar unguwa. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan maƙwabta su shigo da goyo, yara su cika ƙofar ɗaki, tsohuwa tana tsine wa muguwar kishiya kamar tana jin ta. Wannan kallon gida ne, amma kallon taro ne. Da a nan aka tsaya da ban dame ka da wasiƙa ba.

Ba a tsaya nan ba. Wutar lantarki ba ta zama, man janareta ya yi tsada, talabijin ta koma abin ado a kan teburi. Waya ta karɓi aikin. Da safe a kai ta wurin mai caji, a biya ta shagon masu tura fina-finai a cika memori da Indiya-Hausa da masu dogon zango, da dare kowa ya ja gefe. Shiga gidana bayan isha'i ka gani. Uwargida tana ɗaki da tata wayar, saurayin ɗana yana soro da iyafis a kunne, 'yan matan sun haɗa kai uku a kan allon da bai kai tafin hannu ba, suna faɗa a kan wanda zai riƙe. Mahaifiyata, wadda ta ga majigi da idonta, ta daina kallo gaba ɗaya, domin idonta ba ya iya rarrabe fuskoki a abu ƙarami haka. Mu mutane ne da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya, yau kallo ya koma kowa da ledarsa, ya juya baya yana ci. Sai ka ji dariya ta tashi daga wani lungu, ba ka san abin da ya jawo ta ba, in ka tambaya a ce ba komai.

Wannan ba komai ɗin ita ce ke hana ni barci. A zaure, abin da aka haska kowa ya gani. In da ɓarna a ciki, uba ya gani, malami ya gani, gobe a yi magana. A waya ba wanda ya san abin da ya shiga memorin yaro. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango saboda ba a kai mata ta duba ba kafin a sake su. Waɗannan ma su ne masu suna da adireshi, waɗanda za a iya kira su zo. Sauran abin da ke yawo daga waya zuwa waya ba shi da uba balle a kira shi. Waɗanda suka yi murna da mutuwarka don kare tarbiyya, ina ganin girmansu, kuma na fahimci abin da suka gani a ƙofarka a da. Amma kallo bai mutu ba. Ya bar wurin da ido ke kai, ya shiga ƙarƙashin bargo.

Fim ɗin kansa ma ya rame. Mai shirya fim ya san a waya za a kalle shi, to me zai kai shi ɗaukar hawan Sallah ko kasuwa ko kogi? Sai ya zaunar da mutum biyu a falo, ya matso da kyamara kan fuskokinsu, su yi ta cacar baki. Ya san kuɗinsa daga talla da yawan mintoci suke zuwa, sai ya ja labarin da zai ƙare a awa biyu ya kai shi zango bayan zango har mai kallo ya manta mafarinsa. Ban ga laifinsa ba. Kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha, abin da ke komawa wurinsa daga shagon turi kaɗan ne in ma ya koma. Tikiti ne hanya mafi miƙewa da kuɗin mai kallo zai bi ya isa hannun wanda ya yi wahalar, kuma kai ne mai tikiti. A 2024 Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura da dawakai da fada da jama'a, ya wakilce ta a gasar Oscar. A shekarar ne kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Fim ɗin Hausa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, amma ɗan Lajawa in ya samu ganin irin wannan aiki, dokin da ke ciki ba zai kai tsawon ɗan yatsansa ba.

Ranka ya daɗe, ka matso da kunnen da ya fi ji, ga hujjar da ba ta da amsa. Ka zo kowane gari a ƙasar Wudil ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ko ranar Arsenal da Manchester United. Rumfar kwano ce ko ta zana, da benci da janareta da talabijin biyu ko uku. Ana biya a ƙofa, kuma wuri yana cika har wasu su tsaya a waje. Da yawa daga cikin masu shiga suna da wayar da za ta nuna musu sakamakon wasan, amma suna cire kuɗi daga aljihun da ba komai a ciki don su yi ihu tare da wasu. Mai gidan kallon ƙwallo bai yi karatun kasuwanci ba, ba shi da kamfani a Legas, amma ya gane cewa in ka kawo allo kusa da mutane, a farashin da za su iya, za su zo. Sai dai shi ma ya gaji ciwonka, maza zalla yake tarawa. Matan garinmu har yanzu ba su da inda za su zauna su yi kallo tare in ba a gidan biki ba.

Kuma kada ka ce mini ba a taɓa yi ba. Nan maƙwabta a Nijar, da Mali da Benin da Burkina Faso, akwai ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant da ke yawo ƙauyuka da mota da allo da janareta, tana haska fina-finan Afirka a fili, a yi muhawara bayan an gama. Saudiyya, da ta rufe gidajenka fiye da shekara 30, ta sake buɗewa a Riyad a 2018 bisa nata sharuɗɗan. Mu nan, da aka zo da maganar gina alƙaryar fim a Kofa ta Bebeji a 2016, da kuɗi naira biliyan 3, jama'a da malamai suka ƙi, gwamnati ta janye. Ni abin da na karanta a wannan shi ne ba a shigo wa mutane ta sama. Da an saba ganinka a gari kana haska abin da uba zai zauna ya kalla da 'yarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, da ka samu masu tsaya maka a ranar.

Haƙurina ya kusa ƙarewa, don haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce. Ba na son kujera mai laushi, ba na son na'urar sanyaya ɗaki. Ka fito daga cikin birni ka hau titin Wudil. Garin da ke da jami'a da makarantar 'yan sanda da kasuwar da ake zuwa daga kudu da arewa duk Juma'a ya isa ya riƙe zaure ɗaya mai rufi. Ka sa masa ƙofa biyu, ka raba wurin zama, ka ware ranar mata da yara zalla da mata masu karɓar tikiti. Ka fara bayan azahar, ka tsaya a yi la'asar, ka sallami mutane kafin magariba. Rana ba ta yanke mana a nan, faranti nawa ne na sola zai riƙe injin haska fim na zamani? Ka kai kowane fim a tace, ka liƙa takardar a ƙofa kowa ya gani. Ka je ka gaida hakimi da limamai kafin ka kafa ko da ƙusa ɗaya, ka ba su kujerar gaba a ranar farko. Ka yanka tikitin da mai sayar da rake zai iya saya wa iyalinsa. Kuma ka ba mai fim rabonsa a hannu, a rubuce.

In zauren ya yi maka nauyi a yanzu, to mota ɗaya ba za ta gagare ka ba. Ka bari a gama girbi, gero ya shiga rumbu, kuɗin gyaɗa ya shigo hannu. Ka zo Lajawa, ka wuce Darki da Utai da Indabo da Achika, gari ɗaya dare ɗaya. Filin makarantar firamare yana nan, benci za mu ɗauko da kanmu, matasanmu za su yi tsaron wuri, ni zan je wurin dagaci da ƙafata in nemo izini. Ka fara da fim ɗin Ibro, kowanne ka ga dama, sannan ka biyo da sabo wanda bai shiga memori ba tukuna. Ka turo mini ranar da wuri, domin sai an yi shela a kasuwa kuma an sanar da matan ƙauyukan kewaye.

Ka huta lafiya. A gaida mutanen gida.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci,
Lajawa.